Amsoshin Tambayoyinku: Akwai makaranta a gidan kangararrun yara?

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 ya shiga hannun hukuma, ana batun kai shi gidan gyaran hali. Karatunsa ya tsaya ke nan? Kuma da su wa za a haɗa shi? Daga wata uwa a Argungu.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Gidajen iri biyu ne. Akwai na jiha, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a, inda ake ajiye yaro kafin alƙali ya yanke hukunci. Zaman can na wucin gadi ne, yau a kawo wannan, gobe a sallami wancan, don haka da wuya a kafa aji mai ɗorewa. Sai kuma Bostal na gwamnatin tarayya, wanda dokar 1962 ta keɓe wa matasa masu shekara 16 zuwa 21. Sanannun guda uku ne: Kaduna, Ilori da Abekuta. Ga mutumin Birnin Kebbi ko Argungu, na Kakuri a Kaduna ne mafi kusa, kuma kin san tafiyar ba ƙarama ba ce.

A can akwai azuzuwan sakandare, ana zana jarrabawar kammalawa, ana koyon kafinta, ɗinki da walda. Ɗaliban maza ne. Wasu sata ko faɗa ya kai su, da yawa kuwa iyaye ne suka kai ƙararsu da kansu saboda shaye-shaye ya sa sun gagara. Shekaru ba sa nuna aji: za ki ga saurayi da gemu yana haɗa baƙi a allo, kusa da shi ƙaramin da ya kai aji biyar kafin a kama shi. 

Abin da ya fi damuna shi ne a tura yaro gidan yarin manya, alhali wata doka ta 2019 ta hana hakan, ta kuma ce a gina Bostal na maza da na mata a kowace jiha. Ki je kotu da takardar haihuwarsa da sakamakon makarantarsa na ƙarshe, ki nemi jami'in walwala ya miƙa wa alƙali su tun kafin a yanke hukunci.