Kare a kantin abinci: abin da mazaunin Amurka ya kamata ya sani

A manyan kantunan Amurka irin su Walmart, ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kwikwiyo zaune cikin keken sayayya, daidai inda wani zai zuba latas da tumatir anjima. Ƙa'idar tsabtar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta hana haka.

Karen da aka yarje wa shiga shi ne wanda aka horar don taimaka wa mai naƙasa, kamar jagoran makaho ko mai kula da mai farfaɗiya. Dokar kare haƙƙin masu naƙasa (ADA) ta 1990 ce ta ba shi wannan dama. Karen ɗebe kewa ba ya ciki, ko an saya masa rigar karnukan taimako a intanet. A Kalifoniya, yin ƙaryar cewa kare na taimakon mai naƙasa ne na iya jawo tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida.

Mai karen da ba na taimako ba ya kamata ya bar shi gida, kada ya kulle shi a mota cikin zafi. Wanda ya ga kare yana shinshina kaya kuwa, ya sanar da manaja maimakon cacar baki, domin akwai naƙasar da ido ba ya gani.