Ina So In Ci Abinci Da Muryata

Tambaya: Malam, ina iya kwaikwayon muryar tsoho da ta yaro, kowa na cewa Allah Ya ba ni baiwa. Ina sha'awar aikin rediyo da sanya murya a katun. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, baiwar ta yi, amma masu ɗaukar aiki karatu suke fara saurara. Kullum ka ɗauki jarida ka karanta da ƙarfi, ka naɗa a waya, ka saurari kanka. Ka kula da ƙ, ɗ da ɓ, da dogon wasali, da inda za ka ja numfashi. Mai sanarwar da ke haɗiye ƙarshen kalma ba ya daɗewa gaban makirufo, komai zaƙin muryarsa.

Sannan ka shirya samfurin minti ɗaya: talla, sanarwa da muryoyin katun biyu. Ka naɗa a ɗaki mai katifa da labule, don su shanye amsa-kuwwa, ka gyara da Audacity, manhajar kyauta ce.

Kai samfurin tashoshi kamar Rediyon Tarayya Kaduna ko Freedom Radio, wadda ta fara aiki a Kano a 2003, ka nemi zaman koyon aiki. Masu fassara fina-finan Indiya a Kano ma suna buƙatar muryoyi, kuma ni a ganina can ne za ka fi koyon daidaita magana da motsin baki, abin da katun ke nema.

Kada ka ba kowa kuɗi don ya sama maka aiki. Kafin ka naɗa talla, ku yi yarjejeniya a rubuce: nawa ne, kuma tsawon wane lokaci za a riƙa sa ta.