Kintatuwa: Abin da Dawa Ta Sani Game da Daminar Isa

Manomin ƙasar Isa ko Sabon Birni ba ya bukatar masani ya gaya masa cewa ba za a yi ruwa a watan Janairu ba. Ya kuma san da wuya Agusta ya wuce ba a yi marka ba. Amma a tambaye shi ranar da ruwan shuka zai sauka bana, ko kuwa za a yi fashin ruwa na mako uku bayan gero ya tsiro, sai ya ce Allah ne masani. Damina ɗaya ce, amma wani sashe na al'amarinta yana kintatuwa, wani kuwa ba ya yi.

Ya kamata a rarrabe kalmomi biyu tun da fari. Hasashe aikin mutum ne, yana iya dacewa, yana iya kuskure. Kintatuwa kuwa siffa ce ta abin da ake yi wa hasashen, wato gwargwadon yadda sanin abin da ya gabata ke rage jahilcin abin da ke tafe. Wannan bai haɗa hanya da duba ko da'awar sanin gaibu ba. Ƙidayar al'adar da Ubangiji ya gudanar da halittarsa a kanta ce kawai.

A shekarar 1974 wani masanin halittu Ba'amurke, Robert Colwell, ya nuna cewa kintatuwa tana da tushe biyu. Na farko shi ne dawwama: abu ya zauna a hali guda duk shekara, kamar ƙuƙurmin hamada inda kullum amsar ita ce babu ruwa. Na biyu shi ne bin lokaci: abu ya riƙa sauyawa ƙwarai, amma sauyin ya riƙa zagayowa a kan ƙa'ida. Ana zana jadawali, watanni a gicciye, yawan ruwa a tsaye, a cike shi da bayanan shekaru masu yawa, sannan a fitar da adadi tsakanin 0 da 1. Sifili na nufin sanin wata bai ƙara wa mutum komai ba, ɗaya kuma na nufin babu sauran shakka. Ƙasar Gobir ba ta da rabo mai yawa a dawwama. Arzikinta yana ga bin lokaci. Gulbin Bunsuru da na Gagare, waɗanda ke haɗuwa su zama Rima, suna cika da damina su janye da rani kowace shekara, kuma a kan wannan zagaye aka gina noman fadama.

Halittun yankin sun daɗe da gane wannan. Gaiwa takan shige cikin laka idan tabki ya ƙafe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta rage numfashi, ta yi watanni tana jira. Dabarar ba za ta yi amfani ba a inda ruwa ba shi da lokacin dawowa. Shamuwa takan iso daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, daidai lokacin da fari da sauran ƙwari za su wadata.

Mafi ban sha'awa ita ce dawar gargajiya. Isa tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin sa'a ɗaya da rabi ba. Ɗan wannan bambanci ya ishi dawa. Binciken da D. L. Curtis ya wallafa a 1968 kan dawar Nijeriya ya nuna cewa kowane irin gida yana fitar da kai daidai lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a garinsu, ko an shuka shi da wuri ko an makara. Dalili shi ne dawar ba ranar shuka take ƙidayawa ba, tsawon yini take bi, kuma tsawon yini ba ya saɓawa. Ta yi watsi da alamar da ba ta da tabbas, wato farkon damina, ta kama wadda ba ta kuskure. Maiwa ma haka take. Gero kuwa kwanakinsa yake ƙidayawa ya nuna da wuri. Saboda haka manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, kamar yadda wasu malaman gona na da suka zata. Ya raba jarinsa ne tsakanin abin da ke kintatuwa da wanda ba ya yi. Wanda ya yi binne kafin ruwa kuwa ya jingina irinsa ga sashe mafi rauni, domin yayyafi kaɗan na iya tsirar da shi, rana ta ƙone shi.

Me ya hana a san ranar ruwa tun da wata guda? Edward Lorenz ya ba da amsa a 1963. Ya gano cewa a lissafin iska, kuskure ƙanƙane a ma'aunin farko yakan riƙa ninkuwa har ya cinye hasashen gaba ɗaya. Don haka hasashen yanayi na rana-rana ba ya wuce kimanin mako biyu, komai ƙarfin kwamfuta. Amma teku ba ta da gaggawar iska. A 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna alaƙa tsakanin zafin saman tekuna da ruwan Sahel, har da farin shekarun 1970 da na 1980. Irin wannan alaƙa ce ke ba hukumar NiMet damar fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara.

Sai dai a karanta shi yadda ya dace. Idan aka ce ana sa ran ruwan bana zai kai yadda aka saba, jimillar damina ake nufi a faɗin yanki, ba gonar wane a bakin Bunsuru ba. Jimilla ɗaya tana iya zuwa a rarrabe ta ciyar da gero, tana iya zuwa a dunƙule cikin 'yan kwanaki, kamar ambaliyar Satumban 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima. Ɗumamar duniya kuma tana ƙara yawan irin wannan mamakon ruwa a Sahel. Tsawon yinin da dawa ke bi bai sauya ba ko da minti ɗaya, amma idan lokacin ɗaukewar ruwa ya gusa, irin gida zai ci gaba da fitar da kai a tsohuwar ranarsa.