SAƁANIN KALMOMI A MATANIN ADABI

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan ɗauka cewa duk abin da ya gani a bugaggen littafi shi ne ainihin abin da ya fito daga alƙalamin mawallafi. Ba kullum haka take ba. Tsohon matani yakan biyo ta hannun masu kwafa da masu juyawa da maɗaba'a, kuma a kowane zango kalma tana iya sauyawa. Wannan darasi zai duba yadda saɓanin ke aukuwa da hanyoyin da masana ke bi su warware shi.

2.0 Misali Daga Wasan Kwaikwayon Ingila

Shakespeare ya rasu a 1616, kuma ba a sami rubutun hannunsa na wasan Othello ba. An buga wasan a 1622, aka sake buga shi a babban kundin 1623. A jawabinsa na ƙarshe, tauraron ya kamanta kansa da wani da ya yar da lu'ulu'u. Bugun farko ya ce Ba'indiye ne, na biyu ya ce mutumin Yahudiya ne, bambancin kuwa haruffa biyu ne kacal. Masu bin bugun farko suna ganin jahilci ake nufi, wato rashin sanin darajar abu. Wasu daga masu bin na biyu suna ganin ishara ce ga Yahuza maci amana. Ke nan kalma guda ce ke nuna ko tauraron uzuri yake nema, ko hukunci yake yanke wa kansa.

3.0 Saɓani a Matanin Hausa

A Hausa matsalar ta fi fitowa wajen juya ajami zuwa boko, aikin da ya faro tun kafin C. H. Robinson ya buga tarin waƙoƙin ajami a 1896. Ajami ba ya nuna karin sauti, kuma rufu'a takan tsaya wa "o" da "u" baki ɗaya. Masu kwafa da dama ba sa rarrabe "k" da "ƙ". Don haka rubutu guda yana iya zama kura, ko ƙura, ko kora, ko ma sunan garin Kura. Haka nan gona da guna: wanda ya karanta "ya sayar da guna" ya ga cinikin manomin rani, wanda ya karanta "gona" kuwa ya ga mutumin da ya rabu da gadonsa.

Wani lokaci saɓanin yakan wuce harafi. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya tace ya buga a 1964 da 1965, jerin sarakunanta bai dace da na Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 ba.

4.0 Hanyoyin Tantancewa

(a) A tara kwafe-kwafe a gwada su, a gano wanda aka juyo daga wani. Kwafi goma da suka fito daga uwa ɗaya shaida ɗaya ce.
(b) A auna kalmar da karin waƙa da amsa-amo.
(c) A lura da karin harshen mawallafi. Mai kwafa Bakano yakan mayar da Sakkwatanci Kananci ba da niyya ba.
(d) Kada a yi gaggawar zaɓar kalma mai sauƙi, domin mai kwafa ya fi saurin musanya baƙuwar kalma da sananniya.

5.0 Kammalawa

Amanar malami ita ce kada ya gyara matani a ɓoye. In ya tarar da saɓani, ya rubuta karatun biyu a allo, ya faɗi wanda ya zaɓa tare da hujjarsa.

Aiki

1. Kawo kalmomi biyar da ajami ke iya rikitawa.
2. Nemi kwafi biyu na waƙar ajami ɗaya wurin malaman zaure a Kura ko Bunkure, ka fitar da wuraren da suka saɓa.