Guntayen kala da ranar bazara: kira ga iyaye da malamai

Duk malamin zane a firamare ya san yadda kwalin kala ke ƙarewa. Kafin zango ya raba, sai guntaye, wasu ba su kai gaɓar yatsa ba, a share su tare da dattin aji. A nan Gurbin Bore, inda sai an yi saƙo Ƙaura Namoda ko kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kafin a samu kwali mai kyau, zubar da su asara ce. Ni tara su nake yi a gwangwanin madara, saboda da su nake koya wa yara zanen narkakkiyar kala.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne yara sun fara ganin aikin a wayoyin yayyensu. A bidiyon da suke gani, na'urar busar da gashi ake hura wa kalar. Mu da wuta ba ta zama, sai yaro ya nemi kyandir ko ashana. Na ga yarinya da tabon ƙuna a bayan hannu, narkakken kaki ya ɗiga ya manne mata, ga gefen hijabinta ya babbake. Ba a buƙatar harshen wuta ko kaɗan.

Kalar nan kaki ne da ake samu daga man fetur, aka gauraya da garin launi. Haka kamfanin Binney & Smith ya fara sayar da Crayola a Amurka a 1903. Tana fara laushi a wajen digiri 40, ta narke tsakanin 50 da 65. Wanda ya taɓa kwanon rufi da azahar a watan Afrilu ya san ranarmu ta wadatar.

A ɓare takardar jikin guntayen, a fere su da abin fiƙe fensir, kowane launi a tulinsa. Kwalin taliya ko na sabulu ya fi takardar littafi, domin maiƙo yana ratsa takarda ya ɓata ta. Yaro ya zana abin da yake so da fensir, zakara ko bishiyar kuka, ya barbaɗa feren a ciki, a ɗora kwalin a kan guntun kwano a rana, a kifa masa farar roba mai nuna ciki saboda iska da ƙura. A nan darasin ke daɗi. Baƙi da shuɗi su ke fara sheƙi su kwanta, rawaya da fari suna nan tsaye, sai yara su yi ta gardamar dalili har wani ya tuno cewa baƙar riga ta fi zafi a rana. In an jingine kwalin kaɗan, launin ya gangaro siri-siri. Launi uku sun isa. Mai haɗama da ya zuba duka, ruwan ƙasa zai kwasa, kuma ba na hana shi, gara ya gani da idonsa.

Da damina ko hunturu, dutsen guga na gawayi ke maye gurbin rana: a rufe feren da takarda, a ɗora tsohuwar jarida, babba ya danna dutsen da ɗumi-ɗumi. Babba na ce, ba yayar da ta girmi yaron da shekara biyu ba. In kuma sabuwar kala ake so a zuba daga guntayen, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi ake sa shi, ba a kan murhu kai tsaye ba, kuma a tsakar gida. Kaki in ya kama da wuta, ruwa fantsama shi yake yi. A rufe da murfi ko a zuba yashi. In ya ɗiga a fata, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi kamar minti 20. Ban da manja, ban da man goge baki.

Sai maganar da ta fi damuna. Ƙananan yara suna tauna kala. A 1994 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta janye wasu kaloli da aka shigo da su daga Sin saboda an samu dalma a ciki. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba, bayan ɗaruruwan yaran da gubarta ta kashe a Anka da Bukkuyum a 2010. Ba wai kowace kala mai araha guba ce ba, amma ido ba ya bambancewa. Ku duba bayan kwali: akwai sunan kamfani? Akwai alamar AP, ko EN71, ko ASTM D-4236? Wanda ba shi da ko ɗaya, ko yake warin kananzir in an buɗe, ba na shigar da shi ajina. Bayan aiki kowa ya wanke hannu da sabulu kafin tara, kuma 'yan ƙasa da shekara uku a bar su a bayan uwa har a kwashe feren.