Inabin Zibibbo: Zai Yi a Garkar Gabi?

Tambaya: Ƙanena da ke aiki a Italiya ya zo mana da tsarabar zabibi manya masu ƙamshi. Ya ce na inabin Zibibbo ne, wanda ake yin wata farar giya da shi. Wane irin inabi ne wannan, kuma in na shuka ƙwayarsa a garkata zai yi? Daga wani manomi a Gabi, jihar Maradi.

Amsa: Malam, Allah ya saka wa ƙanenka da alheri, tsaraba ce mai daraja. Zibibbo farin inabi ne mai ƙwaya, wanda a wasu ƙasashe ake kira Muskat na Iskandariya. Inda ya fi yin suna shi ne Pantelleria, wani ɗan tsibiri na Italiya da ya fi kusa da gaɓar Tunisiya a kan Sisili. A watan Agusta ake tsinke shi a shanya a rana 'yan makonni, ruwansa ya ragu, zaƙinsa ya taru. Wani a ci shi zabibi, wani kuma a zuba shi cikin ruwan ɗanyen inabi a bar shi ya tsimu, ya zama giyar nan mai ruwan zinariya da ake kira Passito di Pantelleria. Hukuncin giya ka san shi. Inabi da zabibi kuwa halal ne, ku ci abinku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne nomansa. Tsibirin ƙasar aman wuta ce, ba gulbi, ruwan sama kaɗan, ga iska mai ƙarfi kusan kullum. Sai manoman suka riƙa haƙa rami mai kamar kwano su dasa kowace kurangar inabi a ciki, su yi ta datse ta har tsayinta bai wuce gwiwa ba, su kewaye gonar da katangar duwatsu. Ramin yana tare iska, yana tara raɓa da ɗan ruwan da ya sauka. Wanda ya taɓa haƙa tassa a gonar hatsi ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2014 UNESCO ta sanya wannan dabara cikin gadon al'adun duniya. 'Ya'yan ba su yawa, amma suna da ƙamshin nan da ka ji.

To, batun garkarka. Kada ka shuka ƙwaya, don abin da zai tsiro ba lalle ya ɗauko uwarsa ba. Reshe ake yankowa a dasa. Kuma inabi yana yi a ƙasar Hausa, manoman Kudan kusa da Zariya sun daɗe suna nomansa a kan rumfa suna kai wa kasuwa. Daga wurinsu ya kamata ka nemi dashe, wanda ya riga ya saba da yanayinmu.

Sai dai kada ka kwaikwayi ramin Pantelleria a fadamar Gulbin Gabi. Inabi ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, damina kuma tana kawo masa fumfuna a ganye da 'ya'ya. Nemi tudu mai rairayi kusa da rijiya, ka datse rassan bayan ɗaukewar ruwa domin ya yi fure da hunturu ya nuna da bazara. Ka sa ido kan gara tun yana ƙarami, ka kuma tanadi raga kafin 'ya'yan su fara zaƙi, don tsuntsaye za su riga ka sani.