Ina Tsiro Yake Girma? Darasi Bisa Selil da Rabuwarta



Darasinmu na wannan karo zai fara da abin da kowa ya taɓa gani. Akuya ta shiga gona, ta cinye hatsi mai kwana 15 har ƙasa. Bayan mako guda sai ga shi ya toho. Cikin gonar nan kuma tsutsa ta shiga zuciyar wani kara. Ba ta taɓa ganyen waje ba, amma zuciyar ta bushe, karan nan kuwa ba zai yi zangarniya ba. Wadda ta ci da yawa ba ta kashe ba, wadda ta ci kaɗan ta kashe. Mi ya sa? In kun gane amsar, za ku san lokacin da ya kamata a sake shibka, da dalilin da auren mangwaro yake ƙin kamawa, da abin da kuke asara in kun ƙone kututture.

1. Mi ake kira selil?

Kowane tsiro, kowace dabba, da mutum kansa, an gina su da ƴan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Da Faransanci ana ce wa ɗaya selil, wasu kuma suna cewa ƙwayar halitta. Yadda ake jera tubali a yi bango, haka selil suke jere su yi saiwa, su yi ganye, su yi nama. A bakin saiwar albasa, selil wajen 50 in sun jeru ba su wuce milimetir 1 ba. Sai da mikroskop ake ganinsu. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganinsu cikin ɓawon icce a shekarar 1665.

A tsakiyar kowace selil akwai wasu zaruruwa da ake kira kromozom. Bisa zaren nan ne aka rubuta halin irin: tsawon kara, launin tsaba, saurin nuna. Abin da rubutun yake ciki shi ake kira ADN. Kowane iri yana da lissafinsa. Hatsi yana da kromozom 14, albasa 16, dawa 20, wake 22, gujiya 40, mutum 46, tunkiya 54, saniya da akuya 60.

Selil ba ta faɗowa daga sama. Kowace selil daga wata selil ta fito. Ɗaya ta rabu ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8. In an yi haka sau 20, an wuce miliyan guda.

2. Zagayen rayuwar selil

Ku ɗauki misalin gandu da zai rabu biyu. Ba a rabuwa da safe ɗaya. Sai an tara abinci, an ƙera wa kowa kayan aikinsa, sannan a ja darni a tsakiya. Haka selil take yi, mataki huɗu.

Na farko, ta ci, ta girma, ta tara kaya.

Na biyu, ta kwafi kromozom ɗinta duka. Kowane zare ya zama tagwaye, manne da juna.

Na uku, ta duba kwafin, ta gyara inda aka yi kuskure.

Na huɗu, ta rabu. Wannan rabuwa ita ake kira mitoz. Wani malami na Jamus, Walther Flemming, shi ya sa mata sunan a shekarar 1882.

Ita mitoz ga yadda take tafiya. Zaruruwan su naɗe su yi kauri har a gan su, wannan shi ne profaz. Su jeru a tsakiyar selil sahu ɗaya, metafaz ke nan. Tagwayen su rabu, ɗaya ya nufi wannan gefe ɗaya ya nufi wancan, wato anafaz. Kowane kashi ya taru wurinsa, telofaz. Daga nan selil ta tsiro ta gina sabon bango a tsakiya, ta dabba kuwa ta tsuke a tsakiya kamar an ɗaura mata igiya, har ta tsinke biyu.

Abin riƙewa shi ne wannan: selil ɗin albasa mai kromozom 16 tana haifar biyu, kowace da 16, rubutu iri ɗaya babu bambanci. A saiwar albasa, in akwai ɗumi da laima, zagayen duka bai kai kwana guda ba, kuma yawancin lokacin wajen shiri yake tafiya. Lokacin da nake lise na ga wannan da idona a bakin saiwar albasa, kromozom jere kamar an sa su layi.

Selil ba ta rabuwa da ka. Akwai wuraren tsayawa cikin zagayen. In babu ruwa, ko babu abinci, ko kwafin ya ɓaci, sai ta dakata. Malamai uku da suka gano masu tsaron nan, Hartwell da Hunt da Nurse, sun samu kyautar Nobel a shekarar 2001.

3. Ba ko'ina tsiro yake girma ba

Selil ɗin tsohon ganye ko na busasshen kara sun bar rabuwa. Masu rabuwa suna wurare kaɗan da ake kira meristem: bakin saiwa, kan toho, idanun da ke hammatar ganye, da wata shimfiɗa mai laima mai santsi tsakanin ɓawo da icce, wadda ake kira kambiyom. Selil ɗin wuraren nan ba su riga sun ɗauki sana'a ba. In ɗaya ta rabu, ɗiya guda ta tafi ta zama ganye ko saiwa ko fure, guda ta zauna ta ci gaba da haihuwa. Su za mu kira selil tushe. Faransawa suna ce musu selil sush, sush kuwa a bakinsu kututture ne.

Yanzu mu koma ga akuya da tsutsa. Hatsi a makonni 3 na farko, meristem ɗinsa yana can gindi, daidai da ƙasa ko ƙarƙashinta. Akuya ganye ta ci, ba ta kai ga tushe ba. Tsutsa kuwa ta huda ta ci wurin da kansa.

Ku gwada da kanku. Ku ɗora albasa bisa bakin kwalba mai ruwa, gindinta yana taɓa ruwan. Bayan kwana 4 ko 5 saiwoyi za su fito. Ku yanke milimetir 5 daga bakin rabinsu, ku bar sauran. Bayan kwana 3 ku duba waɗanda suka ƙara tsawo.

4. Amfanin wannan a gona

Sake shibka. In bisashe ko fara sun ci ƙaramin hatsi, kada ku yi gaggawar tonewa. Ku jira kwana 4 ko 5. In sabon ganye ya leƙo daga tsakiya, tushen yana da rai. In kun ja ganyen tsakiya ya zaro da sauƙi, gindinsa ruɓaɓɓe, wannan kara ya mutu, sai dai ƴaƴan gefe su maye gurbinsa. Tsutsar nan cikin tsohon kara take yin rani. Bayan girbi ku kwantar da kara ƙasa rana ta buge shi, ko ku babbake wanda za ku yi darni da shi sama-sama.

Taki. Ba a kwafin ADN sai da fosfor da azot, ƙasarmu ta jigawa kuwa fosfor ta fi rashi. Shi ya sa masu bincike na INRAN da na ICRISAT a Sadore suke koyar da sa taki kaɗan cikin gurbi: garam 6 na 15-15-15, ko garam 2 na DAP. Tsiro yana bukatarsa tun yana ƙarami, lokacin da saiwa take rabuwa da sauri.

Yanke kai. Kan toho yana hana idanun ƙasa buɗewa. In kun tsinke kan zogale, idanun su farka, ya yi rassa, ganye ya yawaita.

Auren icce. Ɓawo ba ya haɗuwa da tsakiyar icce. Kambiyom ne yake haɗuwa da kambiyom. In reshen ango bai kai na uwa kauri ba, ku daidaita ɓawo da ɓawo ko da gefe ɗaya ne. Wuƙa mai kaifi mai tsabta, yanka ɗaya, a ɗaure da leda tun wurin bai bushe ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi. Haka ake auren mangwaro, haka ake ɗora pom di Sahel bisa magaryar daji.

Sassaƙen ɓawo. Mai neman magani ko igiya ya ɗiba gefe ɗaya, kambiyom zai rufe miki. Wanda ya kewaye icce da sassaƙe ya yanke hanyar abincin saiwa, iccen zai mutu.

Kututture. Sabara, kalgo, gawo, in an sare su saiwarsu tana da rai, idanu suna kwance a gindi. Bisa wannan aka gina sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara da manoman jihar Maradi a shekarar 1983. Ku zaɓi toho mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, ku datse sauran. Wuta bisa kututture idanun nan take kashewa.

Rogo da dankali. Sandar rogo kwafin uwarta ce, da halinta da cutarta. In ganyen uwar ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, kada ku ɗauki iri wurinta. A shekarar 1952 Faransawa biyu, Morel da Martin, sun nuna cewa in an ciro ɗan kan meristem an rene shi cikin kwalba, ana iya samun tsiro marar cutar. Da wannan dabara ake tsabtace irin rogo da ayaba da dankalin turawa har yau.

5. Tsaba daban take

Cikin fure ana wata rabuwa dabam mai suna meyoz, wadda take raba lissafin kromozom biyu. Hatsi yana ba da 7 daga uwa, 7 daga garin fure da iska ta kawo, su haɗu su koma 14. To garin nan yana iya fitowa daga gonar maƙwabci. Shi ya sa iri mai kyau kamar HKP yake gauraya, ake son sabunta shi bayan damana 3 ko kusa da haka. Shi ya sa kuma ƙwallon mangwaro Kent ba ya ba da Kent, sai reshensa.

6. A jikin mutum da dabba

Mu ma muna da selil tushe: cikin ɓargo, ƙarƙashin fata, da bangon hanji. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, ɓargo kuma yana ƙera sabbi wajen miliyan 2 kowace daƙiƙa. Bangon hanji yana sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5. Mikin sa na huɗa da rabuwar selil yake rufewa, don haka dabba mai yunwa ba ta saurin warkewa. A shekarar 2006 wani likitan Japan, Shinya Yamanaka, ya mayar da selil ɗin fatar ɓera ta koma selil tushe, ya samu Nobel a shekarar 2012.

In masu tsaro sun ɓaci, selil ta dinga rabuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji. Gujiya da masara masu fumfuna suna ɗauke da dafin aflatoksin, mai ɓata ADN na hanta. Ku shanya su su bushe sarai, ku zubar da masu fumfuna, kada a ba yara ko bisashe.

Tambayoyi don zaman ƙungiya

1. Selil ɗin dawa ta rabu biyu ta hanyar mitoz. Kromozom nawa kowace take da shi?

2. Mi ya sa albasar da aka datse wa ganye wajen dashe take sake toho?

3. Kututture nawa kuka bari a gonarku bana, nawa aka ƙone?

Ku tattauna, ku yi gwajin kwalba, ku kai amsoshinku wurin malamin gona na yankinku. Sai darasi mai zuwa.